Ƙanin Bunsuru da Ludayin Kakata

Na ci, jama'a. Ni ce ta ɗaya a duk makarantarmu, kuma ni zan karanta rubutuna a asambuli ana gobe shida ga Maris, ranar 'yancin Gana, da makirfo da komai. Yanzun nan Madam, malamarmu, ta liƙa sakamakon gasar a allon sanarwa, na duba sau uku, na sa ƙawata ta sake dubawa ko idona ne. Amma kafin ku fara turo min barka, bari in faɗa muku gaskiya. Saura ƙiris in rasa gasar nan gaba ɗaya saboda wani bunsuru na katun, kuma laifin nawa ne.

Gasar ita ce kowane ɗan ajin ƙarshe ya nemi tsoho ko tsohuwa da ta ga ranar da Gana ta samu 'yancin kai, ya rubuta abin da ta gani da idonta. Madam ɗinmu ta tarihi ta ce sharaɗi ɗaya ne, ban da ƙari, ban da gishiri. Ni kuwa a gidanmu na unguwar Zogbeli ina da Kaka, maman babana, wadda take wajen shekara bakwai a lokacin. Kowa a gidan ya san ta je filin fareti a ranar. Abin da ba wanda ya sani shi ne me ya faru a can. In ka tambaye ta sai ta ce, "Rana ce kamar kowace rana, da zafi," ta ci gaba da jan carbinta. Babana ma da ta haifa iyakar abin da ya samu ke nan.

Sati guda ina bin ta. Na wanke mata kaya, na matsa mata ƙafa, na sayo mata koko da ƙosai ba ta aike ni ba. Ta ci ƙosan ta ce Allah ya yi min albarka, shi ke nan.

A satin ne wani mai kiyos, ɗan ƙaramin shago, a unguwar Gurugu, wanda yake zuba wa mutane fim a memori, ya sa min sizin wan na wani katun, kashi goma sha uku. Labarin wata yarinya ce da aka wayi gari an sace inuwar duk mutanen garinsu. Mutum ya tsaya a rana ba inuwa, bishiya ma ba inuwa, ba wurin hutawa. Sai ta ɗauki buta da sanda ta kama hanyar birnin sarkin da ya sace. A ƙarshen kashi na ɗaya ta haɗu da wani tsohon bunsuru mai tabarau, yana magana, wai da can alƙali ne aka tsine masa. Ba abin da yake yi sai mita. Hanya ta yi tsawo, ciyawa ba daɗi, yaran zamani ba tarbiyya.

Ina kallo bayan la'asar a baranda, ganyen ayoyon miya da aka ba ni in tsinke yana gefe yana jira, sai na ji an zare fon ɗin ta sama. Kaka ce. Ta ɗaga za ta sa a aljihun zaninta, sai bunsurun ya ɗaga murya. Ta tsaya, ta kawo fon ɗin dab da hancinta.

"Me wannan yake cewa?"

"Wai yarinyar ba ta gaishe shi da kyau ba."

"Ya yi gaskiya. Ta durƙusa?"

"A'a."

"To." Ta ja kujera ta zauna. "Mayar baya."

Da kashin ya ƙare ta ce bunsurun nan sak marigayi kakana, har yadda yake tura tabarau sama in zai yi faɗa. Nan dabara ta zo min. Na ce, "Kaka, mu yi ciniki. Kullum in fassara miki kashi ɗaya, ke kuma ki ba ni kashi ɗaya na labarin shida ga Maris."

Ta kalle ni sama da ƙasa. Matar nan shekara da shekaru tana sayar da tuwo zafi a bakin tasha, ba a yi mata wayo a ciniki.

"Na yarda, 'yar sukuru mai boko. Amma ƙarya ɗaya, ciniki ya mutu. Turanci ne ba na ji. Ƙarya kuwa ina jin ta a kowane yare."

Na ce ba damuwa koraa, ko kaɗan. Ni da na san Turancina.

Washegari muka kunna na gaba. Ni ba na zaɓa, fon ɗin ne yake wucewa da kansa, sunayen fayil ɗin kuma dogaye ne, ƙarshensu ba ya fitowa a sikirin. Sai ga yarinyar gashinta a yanke, takalminta ya tsinke, bunsurun kuma ƙahonsa na hagu ya karye, suna hira kamar sun shekara tare.

"Yaushe ƙahonsa ya karye?"

"Ba su nuna ba, Kaka. Masu katun na yanzu haka suke, sai su yi tsalle."

Da zuciya ɗaya na faɗa, don ni ma haka na ɗauka.

Kwana huɗun nan sun yi daɗi paa, ba kaɗan ba. Akwai kasuwar da ake sayar da iska a kwalba. Akwai kogin da ba ya barin ka haye sai ka faɗa masa abin da kake jin kunyarsa, bunsurun ya tsaya a bakinsa rabin kashi yana cewa shi ba shi da abin kunya, har yarinyar ta gaji ta zauna. A rana ta uku muka samu ƙarin 'yar kallo, Inna mai nono, Bafulatanar da take zuwa daga rugarsu ta bayan unguwar Vittin. Ƙawar Kaka ce ta shekaru, kuma ba sa gaisawa sai da tsiya. Da farko a tsaye take kallo da ƙwarya a kai, wai sauri take. Kafin a yi rabi ta sauke ƙwaryar ta ce in matsa mata.

Kaka kuma tana biyan nata. Ta ba ni labarin Zogbeli ta wancan lokaci, gidajen ƙasa da rufin ciyawa. Ta ce mamanta koko take sayarwa, ita ce mai riƙe mata ludayi da wanke ƙoƙuna. Ta ce ba a sa ta makaranta ba, amma kullum tana leƙen 'yan makaranta ta katanga suna koyon macin fareti, har ta iya ita ma, tana yi a bayan ɗaki. Ni kuwa babban yatsana yana gudu a kan fon, ba na barin kalma ta faɗi ƙasa.

Rana ta biyar bunsurun ya mutu. Gadar igiya ce ta tsinke a ƙofar birnin sarki, ya riƙe igiyar da haƙoransa har yarinyar ta haye, sannan ya saki. Tabarau ɗinsa kawai ya rage a kan dutse. Aka sa wata waƙa mai sanyi, rubutu ya dinga hawa sama. Na yi mamakin yadda za su kashe shi tun a kashi na biyar, amma ban tsaya bincike ba, don Kaka ta cire nata tabarau tana gogewa da bakin mayafi, Inna kuma ta ɗauki ƙwaryarta ta fita ba sallama.

Da safe na tashi na ji ƙanshin maasa. Kaka ta hura wuta, ta ɗora tanda, tana soyawa tana raba wa yaran unguwa, kamar yadda ake yi in an yi rashi. Babana ya fito da sauri yana tambayar wa ya rasu.

"Ba kowa. Ni ba mahaukaciya ba ce, ban ce a yi wa dabba addu'a ba. Soyawa kawai nake zuciyata ta yi sanyi."

Kafin azahar rabin layinmu sun ji cewa alƙalin bunsuru ya rasu, kuma ya rasu da mutunci.

La'asar ta yi, muka zauna mu uku, na kunna na gaba. Cale, ku ji abin mamaki. Ga bunsuru a tsaye, ƙaho biyu cif, yana cin wankin wani da aka shanya.

Na danne sunan fayil ɗin da yatsa har ya fito duka. Kashi na biyu. Na buɗe jerin duka na duba. Ashe fon ɗin duk abin da ya fara da ɗaya shi yake sawa a gaba. Mun kalli na ɗaya, muka faɗa na goma, sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Mun gama sizin ɗin tun jiya, yau ne za mu fara.

"Wannan kuma daga ina?" in ji Kaka.

Da na ce mata kuskure ne, da shi ke nan. Amma na tuna tandar maasa, na tuna mutanen layi, na tuna yadda Kaka ba ta son a mayar da ita abin dariya. Labarinta kuma ko filin fareti bai kai ba. Bakina ya riga ni.

"Ƙaninsa ne."

"Ƙaninsa."

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo ta'aziyya ne, sai ya ce zai ƙarasa aikin yayansa."

"Da tabarau iri ɗaya?"

"Na marigayin ne, ya ɗauko a kan dutsen."

Inna ta ce, "Ita kuma yarinyar, gashin nan jiya ba haka yake ba."

"Ƙari ta sa, Inna."

Abin haushi, ƙaryar ta zauna daram. A kashi na biyu yarinyar da bunsurun ba su saba ba, sai faɗa suke kamar baƙi, daidai da sabon ƙani. Duk inda aka kira shi alƙali na ce gidansu duk alƙalai ne. Da suka koma nesa da birnin sarki na ce an kore su ne sun sake ɗauko hanya. Kaka ta gyaɗa kai kawai ta ce, "Allah Sarki."

Ranar ce kuma labarinta ya fara daɗi. Ta ce ana saura kwana uku bikin 'yanci wani Bature ya gan ta tana maci a bayan ɗaki, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, ya ba ta keke. Washegari ta ce ta hau lorin doya har Ankara, babban birnin Gana, ita kaɗai. Ranar da ta biyo baya ta ce a can aka rasa mai ɗinka tauraron tuta, ita ta ɗinka, da zaren mamanta. Sai matar wani babban Bature ta riƙe hannunta tana kuka, wai ba za ta koma ƙasarsu ba sai an koya mata miyar ayoyo. Duk da fuska a ɗaure take faɗa, carbi a hannu. Inna takan juya baya tana tari. Ni kuwa ina taipin ina cewa a raina, wallahi gasar nan ta zama tawa. Za ku ce ya aka yi na yarda. Ku ba ku san Kaka ba ne. Tunda nake ban taɓa jin ta ƙara ko gishiri a magana ba.

A kashi na takwas ƙahon ya karye. Na hagu, daidai wurin. Ya daki ƙofar kurkuku ne don ya fitar da yarinyar.

"Shi ma?" in ji Kaka.

"Ciwon gidansu ne. Ƙahon hagu ba ya ƙwari."

Matar da ta yi kiwon awaki tun kafin a haifi babana nake faɗa wa haka, ga Bafulatana a gefe. Suka kalli juna. Inna ta ce, "Hajiya, ilimi da faɗi." Kaka ta ce, "Ai shi ya sa muke kai su makaranta."

Kashi na tara, wanda ya zama na ƙarshe a wurinmu, ya ƙare ne suna isa ƙofar kasuwar iska. Kaka ta kawo fon ɗin kusa ta ce, "Wurin nan kamar na taɓa zuwa." Na ce kasuwanninsu duk kama suke.

Ranar Laraba na kai wa Madam abin da na rubuta ta duba, Litinin ce ranar miƙawa. Ta karanta shafin farko tana murmushi. A na biyu murmushin ya tafi. Ta cire biro daga baki.

"Kakarki tana da shekara bakwai ta je Ankara a lorin doya."

"Eh, Madam."

"Ta ɗinka tauraro."

"Da zaren mamanta."

"Ko dai ke kin mayar da ni sakarya, ko wani ya mayar da ke. Ki kawo min gaskiya ranar Litinin, in ba haka ba kada ki kawo komai."

Na hau yalo-yalo, keke mai ƙafa uku, na dawo gida raina a ɓace, har da shirin faɗa. Na tarar da Kaka tana yankan kuɓewa.

"Kaka, Madam ta ce labarin tauraro ba gaskiya ba ne."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ni ma ba ni na gani ba. Ƙanin bunsuru ne ya ba ni labari."

Na durƙusa na faɗi komai, fayil da lamba da maasa da tsoro. Ta bar ni har na gama.

"Tun ranar da ya ci wankin nan na sani. Kunnensa na dama akwai tsaga, na gan ta tun ranar farko. Ƙani yana gadon tabarau, ba ya gadon tsagar kunne. Na ce bari in ga iya gudunki. Kin ba ni jabu na ba ki jabu, ba wanda ya cuci wani."

"To yanzu ki ba ni na gaskiyan, don Allah."

"Me na ce miki ranar farko?"

"Ƙarya ɗaya, ciniki ya mutu."

"Ke kin yi takwas. Miƙo min wancan kwano."

Ranar Alhamis na roƙe ta, ta ce in matsa ina tare mata iska. Na je wurin babana, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce shi ba ya shiga. Amma ya tuna min cewa a garin nan yaro ba ya ba babba haƙuri da bakinsa a kan babban laifi. Goro ake nema, a samu wanda babban yake jin nauyinsa, a tura shi.

Ranar Juma'a na tare Inna tun a bakin layi da goro fari a ganye. Ta buɗe ta duba, ta ɗauki ɗaya ta ce wannan na ɗan aike ne. Muka shiga, na durƙusa a bayanta kaina a ƙasa. Ta zauna ta gaida Kaka da cikakkiyar gaisuwa, gida da yara da gajiya, abin da ban taɓa ji a tsakaninsu ba.

"Hajiya, 'yarki ce ta aiko ni. Ta yi ƙarya, kuma ƙaryar ma ba ta iya ba. Ki duba wannan ki tausaya mata."

"Fillo, ke da kika zauna kina tari ana zuba min ƙarya?"

"Ke ma ai na ji kin ɗinka tauraro, ban ce komai ba."

Kaka ta danne dariya da ƙyar. Ta karɓi goron ta fasa ɗaya, ta ba Inna rabi. Ta ce ta haƙura, amma tsohon ciniki ya mutu, sabo za a yi. Za a sake kallo daga ɗaya har sha uku a jere, ina nuna mata lambar kowanne kafin in kunna. Kuma ni da bakina zan bi layi in faɗa wa duk wanda ya ci maasa cewa bunsuru bai da ƙani. Sai an gama za ta yi magana.

Yawa ya same ni, na sha kunya a layin nan, ba a cewa komai. Har yau akwai mai shagon da in na wuce yake tambayata ya ƙanin.

Asabar muka kalli bakwai, Lahadi shida, da dumso a tsakiya, aka ɗauke mana wuta har sai da na kai fon caji gidan maƙwabta. Kuma gaskiya a jere katun ɗin wani abu ne daban. Ashe yarinyar da kanta ta yanke gashinta ta saƙa igiya ta ciro shi daga rami. Ashe abin kunyar da ya faɗa wa kogin daga ƙarshe, wanda na fassara a hagunce da farko, shi ne ya taɓa yanke hukuncin ƙarya don tsoron sarki. Da aka zo gadar, duk mun san abin da zai faru, amma sai ya fi na farko ciwo. Kaka ta ce, "Sau biyu kin kashe min shi." Wannan karon ba ta goge tabarau ba, ta bar hawayen.

Sannan ta gyara zama, rana ta kusa faɗuwa, ta ba ni labarin.

Ba Bature, ba keke, ba Ankara. Ta bi mamanta filin fareti da tukunyar koko. 'Yan makaranta sun yi layi da ƙananan tutoci na takarda tun safe, rana ta buɗe, sai wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi. Layinsu ya zama da giɓi, ga shi an fara buga ganga. Wani tica ya waiga, ya ga yarinya a gefe tana taka ƙafa daidai da kiɗa, ya fizgo ta ya cusa a giɓin. Ba takalmi, ba yunifom, ba tuta. Ludayin koko ne a hannunta, shi ta ɗaga da aka ce a ɗaga tuta. Ta zagaye filin nan kaf, ta ce ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Mamanta kuwa tana can da layin masu saye ba abin ɗiba, har kokon ya huce.

"Ranar da ƙasa ta samu 'yanci ni duka na samu," in ji ta.

Muka yi dariya har Inna ta kusa kifar da nono. Na ce to me ya sa ba ta taɓa faɗa ba, labari mai daɗi haka. Ta ce tican ya ce mata ta zo makaranta ranar Litinin, zai sa ta a aji. Ta faɗa a gida, aka ce wa zai riƙe ludayi. Ba ta je ba.

"Rubuta wannan ma. Ke kuma gobe Litinin, ki tashi da wuri."

Na tambaye ta ko ludayin yana nan in ɗauki hotonsa. Ta ce ya fashe tun kafin a haifi babana, ludayi ne ba zinariya ba.

Shafi ɗaya da rabi kawai ya yi, shi ne ya ci. Kaka ta ce za ta zo asambuli, kuma in na ƙara ko kalma ɗaya za ta miƙe ta gyara min a gaban hedimasta. Yanzu rigimarta ɗaya, tana son ta san ko yarinyar ta karɓo inuwar garinsu, mai kiyos kuma ya ce sizin tu bai shigo hannunsa ba. Don Allah ku tura wannan a guruf-guruf ɗinku, ko zai kai ga wanda yake da shi. In an samu, a duba lambobin kafin a ba ni.